Duba adireshin rauta kafin ka karɓi kafin alƙalami

Jiya ka tare ni a bakin shago ina haramar sallar la'asar, wai mutumin nan na Tumfure yana son VPN, wato ɓoyayyen bututun haɗi ta intanet, tsakanin gidansa da kantinsa, shin dole sai ya sayi adireshin IP na dindindin, wato lambar da ake samun layinsa da ita a intanet, ko wanda kamfanin intanet ke sauya masa ma zai wadatar. Ban ce maka uffan ba, don tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Yanzu ka nutsu ka karanta, ba zan maimaita ba.

Ku yaran yanzu, da an ce VPN sai hankalinku ya tafi kan manhajar nan da kuka cika wayoyinku da ita lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a watan Yunin 2021. Ka danna, ka zaɓi tutar Jamus ko Amurka, shi ke nan ka zama injiniya. Wancan kai ne ke fita neman wani, kuma mai fita babu ruwansa da irin adireshinsa. Abin da mutumin Tumfure ke so daban ne. So yake a shigo gidansa daga waje. Baƙon da zai kai ziyara ba ya buƙatar kowa ya san ƙofarsa, amma wanda za a ziyarta dole a san inda yake. A kowane bututun VPN akwai mai kira, akwai mai jiran kira, kuma maganar adireshi gaba ɗayanta a kan mai jiran take.

A 2019 wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Hatsi ya kira ni. Yana da babban sito a Kumo, gidansa kuma yana nan cikin Gombe. Yana son daga falonsa ya riƙa ganin kyamarori takwas na siton, ya kuma buɗe kwamfutar lissafin da akawunsa ke shigar da buhuna. Na yi masa aikin da har gobe ba na jin kunyarsa. Rautocin MikroTik biyu, wato akwatunan raba intanet, ɗaya a gida ɗaya a sito, na haɗa su da tsarin bututu na L2TP da IPsec, don a lokacin sabon tsarin nan WireGuard bai shigo waɗannan rautocin ba sai da manhajarsu ta RouterOS 7 ta fito. Ni da kaina na hau tsani cikin ranar nan ta Maris, na ja waya a cikin silin da jemagu suka mayar gida. Gidan yana shan intanet ta rediyo daga wani ƙaramin kamfani, siton kuma rauta ce mai layin waya. Don haka na sa gida ya zama mai jira, sito ya zama mai kira.

Ya ba ni rabin kuɗi, sauran naira dubu 480 ya ce sai ya ga aiki ya zauna. Babu takarda tsakaninmu. Ai Alhaji ne, sahu ɗaya muke sallar Juma'a.

Kuskurena guda ɗaya ne. Na tambayi yaron kamfanin da ya zo saita rediyon, na ce wannan adireshin tsayayye ne? Ya ce, "Oga, ba ya motsi." Na ɗauki maganar baki na rubuta lambobin nan huɗu kai tsaye a cikin rautar Kumo. Mako uku komai lafiya lau, saboda gidan akwai inbata, rautar ba ta taɓa mutuwa ba. Ran nan aka yi iska da ruwan farko, wuta ta ɗauke kwana biyu, batura suka ƙare. Da rautar ta farfaɗo ta sake gaisawa da kamfani, sai aka miƙa mata wani adireshin daban. Ita kuwa ta Kumo tana can tana ta buga tsohuwar ƙofa, wadda ta riga ta zama ta wani.

Alhaji ya yi tafiya Kano a makon. Kwana huɗu ba wanda ya kira ni. A cikin kwanakin nan buhunan wake suka yi ƙafa daga siton.

Da ya dawo ya sa aka kira ni gaban yaransa, ya ce na sayar masa da makauniyar kyamara. Na ce Alhaji, bututun ne ya yanke, amma na'urar naɗin hoto tana sito, ba ta daina aiki ba ko na minti ɗaya. Na zuba mai a motata muka tafi Kumo. Na buɗe masa faifan, muka koma daren Talata, ga mota ta ja baya har bakin ƙofa, ga mai buɗe kwaɗon da mabuɗinsa a hannu, fuskarsa tar kamar da rana. Ɗan ɗakinsa ne. Ina kallon Alhaji ya cire hula ya share zufa ya mayar. Ya ce in kashe, in kuma rufe bakina. Na rufe. Aikina ne ya nuna masa ɓarawonsa, amma da na tayar da maganar cikon kuɗina sai ya ce ai da yana gani daga waya da ba a kai ga haka ba.

Na haɗiye. Na koma na saka DDNS da kuɗin maina, wato sunan da ke bin adireshi duk inda ya koma, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Aiki ya dawo. Bayan wata biyu ya sake mutuwa, wannan karon ba sauyin adireshi ba ne. Kamfanin ya tura kwastomominsa bayan abin da ake kira CGNAT, wato tara gidaje da yawa a kan adireshi guda, ba tare da ya sanar da kowa ba. Sawu uku na yi zuwa Kumo kafin na gano cutar tana gida. Kafin in kawo magani, Alhaji ya samo wani yaro sa'anka, ya ɗora waya a kan ɗan zanen nan mai murabba'i da ke jikin na'urar, hoto ya fito ta manhajar masu kyamarar. Yaron ya ce masa duk kayan da na saka ɓarnar kuɗi ce. Bai gaya masa cewa manhajar ba za ta taɓa buɗe kwamfutar lissafi ba, kuma haɗin ya dogara ne da saba, wato babbar kwamfutar masu kyamarar da ke wata ƙasa. Na kai ƙara wajen yayansa, aka ce in yi haƙuri, arziki na Allah ne. Rautocina biyu suna hannunsa har yau, dubu 480 ɗina ma haka. A kuɗin 2019 fa, ka lissafa abin da za su saya a lokacin.

To ga abin da nake so ya zauna a kanka. Adireshin ba iri biyu ba ne, iri uku ne: tsayayye, mai sauyawa, da na bayan CGNAT, kuma na ukun shi ke kashe aiki a garin nan. Adireshin IPv4, wato irin mai lambobin nan huɗu, gaba ɗaya a duniya bai wuce biliyan 4.3 ba, babban rumbun da ake rabawa nahiyoyi kuma ya ƙare tun Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanoni ke tara gidaje masu yawa a bayan adireshi guda, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya. Na ciki zai fita ya dawo, amma baƙo in ya zo bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, kuma mabuɗin zauren ba a hannunka yake ba. A nan DDNS ba ya tsinana komai, domin sunan zai kai ka bakin zauren ne kawai. Rautocin layin waya da mutane ke saya su ajiye a falo, galibinsu haka suke. Starlink ma da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, tsarinsa na gida a bayan CGNAT yake ta ɓangaren IPv4, komai gudunsa.

Ganewa ba wuya. Shiga rautar ka duba adireshin da ke ɓangaren WAN, wato inda intanet ɗin kamfani ke shigowa, sannan ka buɗe shafin da ke nuna adireshinka a intanet. In sun zo ɗaya, kana da ƙofar kanka. In na rautar ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, ko da 10, ka shiga gidan haya. In ka ga 192.168 a wajen, akwai wani akwatin kamfani a gabanka, sai ka fara da shi. Bayan nan ka zare wutar rautar, ka sha shayi, ka mayar, ka sake dubawa. Da na yi wannan a gidan Alhaji da ban rubuta maka wannan dogon labari ba. Kuma kada ka kuskura ka gwada aiki kana kan Wi-Fi ɗin gidan. Kashe shi, fita waje, gwada da datar wayarka.

In ƙofarsa ce amma tana sauyawa, DDNS ya ishe shi, kada ka sa bawan Allah biyan kuɗin wata-wata a banza. MikroTik yana da nasa kyauta a ciki. Na kamfanin No-IP na kyauta kuwa sai an tabbatar da shi duk kwana 30, kuma kwastoma ba zai tuna ba, kai za a kira da tsakar dare. Ka kuma sani WireGuard a waya da kwamfuta sau ɗaya yake neman sunan, lokacin da aka kunna bututun. In adireshin gida ya sauya, sai an kashe an kunna. Ka nuna wa mai gida wannan da hannunsa.

In gidan haya ne, ka daina wahalar buɗe ƙofa 51820 da WireGuard ya saba bi. Ka kama hayar ƙaramar VPS, wato saba da ke zaune a intanet, mai tsayayyen adireshi, gida da kanti duk su zama masu kira, su haɗu a can, ka sa su riƙa motsa layin duk daƙiƙa 25 don kada kamfani ya rufe hanyar. Manhajojin Tailscale ko ZeroTier ma suna yin wannan aikin ga wanda ba ya son kula da saba. Adireshi na dindindin sai in yana da rassa da yawa masu kiran wuri ɗaya, ko wata ma'aikata ta ce daga adireshi guda kawai za ta karɓe shi. In zai saya, kamfani ya rubuta a takarda cewa tsayayye ne kuma na fili ne.

Yadda ake haɗa mabuɗai da raba lambobin cikin gida don kada gida da kanti su zama 192.168.1 dukkansu, wannan in har yanzu sai na koya maka to shekara biyun da ka yi a shagon nan ta tafi a banza.

Gobe da safe ka hau mashin ka je Tumfure. Ka ɗauko mini hoton shafin WAN na gidan da na kantin, kafin ka zare wuta da bayan ka mayar. Ka tambaye shi wane kamfani yake biya da kuma wane tsari. Kada ka faɗa masa farashi ko ya matsa maka, ka ce Oga ne zai yi magana. Takardar yarjejeniya tana cikin durowar tebur ta ƙasa, ka taho da kwafi biyu.