Amsa ga Hajiya kan kama ɗakin ɗalibai a Landan lokacin hutu

Hajiya, barka da arziki. Kin ce za ku zo Landan a watan Yuli ke da ƙanwarki bikin kammala karatun ɗanki, kina tambaya ko ɗakunan kwanan ɗalibai da jami'o'i ke bayarwa haya sun fi otal. Na sauka a cikinsu, na kuma saukar da baƙi, kuma ina ba ki shawara ki kama, amma da sharaɗi.

Ɗalibai kan tashi wajen ƙarshen Yuni, sababbi su shigo a Satumba, tsakanin nan ne ake bayar da ɗakunan. Jami'ar LSE (London School of Economics) tana da masaukin ɗalibai mai suna Passfield kusa da tashar jirgin ƙasa ta Euston, jami'ar Imperial College kuma tana da mai suna Beit a unguwar South Kensington. Tsakiyar gari ke nan, inda kuɗin otal ke cinye guzuri. Daga Passfield babban masallacin Regent's Park ba shi da nisa.

Sharaɗin shi ne banɗaki. Ɗakuna masu araha na banɗakin tarayya ne, kuma lokacin hutu maza da mata kan zauna a hawa ɗaya. Ga mace mai fitowa alwala da asuba, wadda a Yuli tana yi tun wajen ƙarfe 3, wannan takura ce sosai. Ki ƙara kuɗi ki kama mai banɗaki a ciki, ki kuma tabbatar mai gado biyu ne, don yawancinsu na mutum ɗaya ne. Ki taho da butarki.

Don Allah kada ki kunna turaren wuta. Na'urar hayaƙin da ke rufin ɗaki za ta yi kuwwa, a fitar da kowa waje, har a iya cin ki tara. Humra ta wadatar.

Galibi babu na'urar sanyaya ɗaki, tagogin kuma kaɗan suke buɗuwa. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, don haka ƙaramar fanka za ta yi amfani. Bakin caja irin na Najeriya ne.

In akwai karin kumallo a kuɗin, ki riƙa tambaya kafin ki ɗiba, don akan samu naman alade a ciki. Kicin na tarayya ne, wani lokacin ba tukunya.

Kafin ki biya, ki karanta ko suna mayar da kuɗi in biza ta yi jinkiri. Allah ya kawo ku lafiya.