Ƙanwata, kafin ki taso daga Garwa

Saƙonki ya iso, barka da samun gurbin karatu a Liyon, nan Faransa. Kin ce likita ya gano tiroyid ɗinki, wannan 'yar tsokar gaban wuya, tana aiki fiye da kima: kina ci amma kina ramewa, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi ko a hunturu. Goggo kuma ta ce maƙoƙo ne, ki yawaita gishiri mai aidin. Kina son sanin abin da ke kawo shi.

Allah ya ja kwanan Goggo, amma maƙoƙon da ta sani na ƙarancin aidin ne, wanda ya sa Kamaru ta wajabta zuba aidin a gishiri a 1991. A mace mai shekarunki, galibi cutar da likitocin nan ke kira Basedow ce. Garkuwar jiki ce ke ruɗewa, ta riƙa ingiza tiroyid ba hutawa. Ta fi kama mata, tana bin dangi, wani lokaci ta turo idanu waje, sigari kuma na ƙara lalata idon. Ƙarin aidin ba ya warkar da ita, yana iya tsananta ta. Saboda haka ƙwayoyin ciyawar teku da za ki gani jere a kantin magani a nan, ki wuce su.

Akwai wasu dalilan: ƙululu a cikin tsohon maƙoƙo, wanda ya fi samun dattijai, kumburin tiroyid bayan haihuwa, da maganin zuciya amiyodaron. Kowanne da irin jinyarsa, shi ya sa nake so ki zo da takardun gwajin jini na TSH da T4, masu nuna yadda tiroyid ke aiki, da na garkuwar jiki in an samu yi.

Ganin ƙwararren likita a nan kan ɗauki watanni. Ki taho da karbimazol, maganin rage aikin tiroyid, isasshe tare da takardar likita, don Basedow kan ci wata 12 zuwa 18 ana sha. Kina sauka ki yi rajistar inshorar lafiya ta ɗalibai baƙi, kyauta ce. Idan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ki kina kan maganin, kada ki ce mura ce ko maleriya. Ki dakatar da shi, ki je a gwada jininki ranar, domin a wasu mutane ƙalilan maganin yakan karya fararen ƙwayoyin jini.

Ki gaishe min da Goggo.