Zaren Fatsa a Kogi: Na Roba ko Saƙaƙƙe?

Tambaya: Ina fatsa da totuwa, wato abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna in kifi ya ci koto, a Kogin Kaduna, ina sakin koto ruwa ya tafi da shi. Mai kanti ya ce in bar zaren roba in koma saƙaƙƙe, wai ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsadarsa ce ta sa na tsaya. Ya cancanci kuɗin? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, mai kantin bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Saƙaƙƙen zare siraran zaruruwa ne guda 4 ko 8 aka kitsa wuri ɗaya, kuma mai kaurin milimita 0.15 kan ɗauki kusan kilo 9, alhali na roba, wato nailan, sai ya kai wajen 0.35 kafin ya ɗauki haka. Amma wannan ƙarfin ja ne. Ƙarfin gogayya daban yake, kuma a nan saƙaƙƙe rago ne: idan yana a miƙe ya gogi kaifin dutse, silin da ke ciki su tsinke ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji wayam. Na roba kan ƙuje ya yi kaushi amma ya riƙe. Kogin Kaduna kuwa duwatsu ne a wurare da dama, musamman da rani in ruwa ya ja baya.

Abu na biyu shi ne miƙewa. Na roba yana miƙewa kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kafin ya tsinke, saƙaƙƙe kuwa da ƙyar ya kai kashi 5. Miƙewar nan ita ke shanye fizgar kifi. Karfasa da kawara bakinsu ba ƙwari. Ka fizga da zaren da ba ya miƙewa, ko ƙugiya ta yaga leɓe ta fito, ko ƙaramar ƙugiyar ta buɗe. In tazarar da kake sakin totuwa ba ta wuce mita 20 ba, ka zauna kan na robarka. Sayi 0.20 zuwa 0.22 don karfasa da kawara, 0.30 don tarwaɗa da ƙurungu. Ragowar kuɗin ka sayi ƙugiyoyi masu kyau.

Inda saƙaƙƙe ke cin kasuwarsa shi ne nesa. Ya fi ruwa rashin nauyi, don haka a sama yake kwanciya, kana iya ɗaga shi da bakin sanda ka daidaita shi bayan totuwa ba tare da ka janye koto daga hanyarsa ba. Kuma in totuwa ta nutse a mita 35 ko 40, kana ɗaga sanda ƙugiya ta shiga, domin babu miƙewar da za ta cinye fizgar. A faffaɗan ruwa irin na Binuwai ko Neja, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Tambaya: Zaren robana yana nutsewa tsakanin sanda da totuwa, in na fizga sai kifi ya riga ya tofar da koton. Mene ne maganin? Daga Yawuri.

Amsa: Nailan ya ɗan fi ruwa nauyi, kuma yana shan ruwa in ya daɗe a ciki, ga laka da ke manne masa da damina. In ya nutse, ruwa sai ya ja shi ya yi ciki kamar baka, fizgarka ta ƙare wajen miƙe cikin kafin ta kai ga ƙugiya. Ka goge zaren da tsumma, ka shafa masa ɗan man basilin, amma ka bar mita ɗaya na ƙarshe da abin da ke ƙasan totuwa ba mai, domin can so ake ya nutse. Ka riƙa ɗaga bakin sanda yadda zare kaɗan ne zai taɓa ruwa. In ka ga zaren ya yi fari-fari, ko yana fitowa a nannaɗe kamar waya, ya tsufa ko rana ta cinye shi, a sake sabo. Kada a ajiye shi a kan kwale-kwale cikin rana. Wanda ke fatsa kullum ya canza aƙalla sau ɗaya a shekara.

Tambaya: Na sayi saƙaƙƙe na naɗa a injin naɗe zare, amma da kifi ya ja sai duk zaren ya riƙa juyawa a kan kwarkwaro, ƙullin ƙugiya kuma yana zamewa. Jabu aka sayar mini? Daga Jebba.

Amsa: Ba lallai jabu ba ne, Malam, halinsa ne: santsi gare shi. Warware shi duka. Fara naɗa na roba mita 10 zuwa 15 a kan kwarkwaron, shi ne zai kama ƙarfen, sannan ka ƙulla saƙaƙƙen a kansa ka naɗa da ƙarfi, kana matse shi da jiƙaƙƙen tsumma. Naɗi sako-sako shi ke sa zare ya nutse cikin 'yan'uwansa ya maƙale. Ka tsaya saura kamar milimita 2 ya kai bakin kwarkwaro. In ka cika shi taf, jifa ɗaya cikin iskar hunturu zai fito a dunƙule ya sarƙe, sarƙewar saƙaƙƙe kuma sau da yawa sai almakashi.

Batun ƙulli: kada ma ka ɗaura ƙugiya kai tsaye a jikinsa. Ka haɗa masa na roba mita 1 zuwa 2 a ƙarshe, a nan totuwa da dalmar da ke nutsar da koto da ƙugiya za su zauna. Dalili uku ne. Kifi na ganin saƙaƙƙe a garai-garai ɗin ruwan rani. Dalmar da ake matsewa tana zamewa a kansa ko ta yanke silinsa. Sannan in ƙugiya ta maƙale a saiwa, gutsuren robar ne zai tsinke, ba tsadadden zaren ba, muddin ka zaɓi na robar da bai kai shi ƙarfi ba. Wajen haɗa su, ka jera bakunan biyu, ka zagaya na roba sau 5, saƙaƙƙe sau 8 zuwa 10, ka jiƙa da yawu kafin ka ja. Busasshen ƙulli yana zafi ya raunana nailan. Ruwan Jebba akwai tsage, shi kuwa haƙoransa ba zaren da suke bari, na roba ko saƙaƙƙe. In shi kake nema, sa siririyar waya kamar santimita 20 kafin ƙugiya.

Tambaya: Ni sandar gora ce da ni, ba inji, wani lokaci ma da hannu nake riƙe zaren. Saƙaƙƙe zai yi mini? Daga Haɗejiya.

Amsa: A'a. Da sandar gora zarenka bai wuce mita 4 ko 5 ba, kuma ba injin da zai saki zare in kifi ya ruga, miƙewar nailan ita kaɗai ce sassaucin da kake da shi. Laushin saƙaƙƙe kuma zai sa ya riƙa naɗe bakin sanda duk sanda iska ta kaɗa. Riƙewa da hannu ya fi haɗari: siriri ne, ba ya miƙewa, ramboshi mai kilo 5 ya fizga zai shiga yatsa kamar reza. Ɗauki na roba 0.35 zuwa 0.40 don fatsar hannu, kauri ya fi daɗin riƙo. In ƙugiya ta maƙale, ko wane zare ne, naɗa shi a guntun icce ka ja, kada ka naɗa a tafin hannu.