Kafin ka buga ƙusa ta farko

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na hana a buɗe akwatunan zane-zanen, muka wuni muna kai da kawowa a ɗakin da babu komai, alhali ranar buɗe baje kolin tana ta matsowa. A ganinka ga bango, ga ƙusa, ga tef na awo, me kuma ake jira? Zauna in gaya maka.

Mai zuwa kallo da ƙafafunsa yake zuwa. Kafin idonsa ya sauka kan zane, ginin ya riga ya gaya masa ta ina zai shiga, inda zai juya, inda zai ja ya tsaya. Idan ba ka bi wannan hanyar da kanka ba, ka san abin da ido ke fara cin karo da shi daga bakin ƙofa, za ka rataye aikin da ya fi kowanne ƙarfi a lungun da mutane ke wucewa suna neman mafita. Magina na gidajenmu sun daɗe da sanin wannan. Dubi zaure: ba a yin ƙofar shiga ta fuskanci ƙofar cikin gida, dole ka karkata, kuma ba ka ganin abin da ke gaba sai ka yi taku. Je ka Gidan Makama a Kano ka lura da yadda kake fita daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar gida mai rana, ka sake shiga wani duhun. Ido yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya saba. Wanda ya sa ƙaramin zane mai siririn layi daidai inda mutum ya shigo daga rana ya zalunci mai zanen.

Wani ginin ma faɗa yake yi da kai. Gidan zane na Guggenheim a New York, wanda Frank Lloyd Wright ya tsara aka buɗe a 1959, hanya ce guda mai gangara da ke murɗawa daga sama har ƙasa. Daɓen ba a miƙe yake ba, bangon kuma ya lanƙwasa ya ɗan kwanta baya. Ka ɗora lebur a kan zane ya ce maka daidai, ka ja baya ka ga kamar a karkace yake, domin ido da daɓen yake gwadawa. Shugaban gidan na wancan lokacin, James Johnson Sweeney, sai da ya sa aka ɗora zane-zane a kan sandunan ƙarfe da suka fito daga bango. Amma ginin ya ba da wani abu da ɗaki mai kusurwa huɗu ba zai ba ka ba: kana tsaye a wannan gefe, kana hango aikin da ke ɗaya gefen, har da hawa na sama da na ƙasa. Mai shiri a can dole ya yi tunanin zane daga kusa da kuma daga nesa lokaci guda.

Wanda na fi so ka riƙe shi ne aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka. A 2023 aka ba shi babban zauren gidan zane na Tate Modern a Landan, tsohuwar tashar wutar lantarki ce, tsayin rufinta mita 35, tsawonta ya haura mita 150. Wuri irin wannan haɗiye aiki yake yi. Bai je ya manna komai a bango ba. Murafen kwalabe da aka ɗinke da wayar tagulla ya rataya daga sama, kashi uku, a jere da tafiyar mai shigowa. Na farko ja ne, ya kumbura kamar filafilan jirgin ruwa, shi ke tarar ka kana gangarowa. Sai ka wuce ka waiwaya ka ga bayansa rawaya ne. Na tsakiya daga ƙasa gutsattsari ne masu kama da jikin mutane, amma in ka hau gadar da ta ratsa zauren ka tsaya a wani wuri, sai su haɗe su zama da'ira ɗaya. Ka ga, gadar nan da aka gina tun kafin ya zo ta shiga cikin aikin. Abin da nake nema ke nan in na tsaya shiru a tsakiyar ɗaki: me ginin ya riga ya ajiye mana?

Ƙa'idojin awo kuwa za ka haddace su cikin sauƙi. Tsakiyar zane wajen santimita 145 zuwa 150 daga daɓe, daidai idon mutum a tsaye. Aikin takarda da na yadi ba sa son haske ya wuce lus 50 (lus ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fenti mai mai yana ɗaukar wajen 200. Kada ka ɗauke su kamar wahayi. In rufin ɗakin ya yi ƙasa ko aikin ya yi girma, idonka ne alƙali. Abu ɗaya ne ban yarda a taɓa ba: tsohon bangon ƙasa ba a buga masa ƙusa. Yana marmashewa, kuma ya girme mu duka. Allon katako mai tsayawa da ƙafarsa za mu haɗa, mu bar rata tsakaninsa da bango don iska ta wuce.

Gobe ka zo da sassafe da alli da tef. Ka zana mini a daɓe inda rana ke faɗowa ta tagar gabas da hantsi, ka sake dubawa bayan la'asar ta tagar yamma. Ayyukan takardar nan ba za su zauna a inda ka zana ba. Sannan mu yanke kwali daidai girman kowane zane, mu jingina su a bango mu yi ta sauya musu wuri, kai ka shigo ta ƙofa kamar baƙo ka gaya mini wanda ya fara kama idonka.