Kalandar da har yau ban yafe ba

Kai yaro, wai tambayarka ita ce "Everyone is invited" za ka buga a katin nan ko "Everyone are invited", tunda taro guda ake gayyata? Is ne. Da Hausarka ka taɓa cewa "kowa sun zo"? To Bature ma ɗaya-ɗaya yake ƙirga everyone, everybody, someone, anyone, nobody, each, either da neither, don haka is, was, has suke ɗauka. Ɗan aji uku na sakandare ya san wannan, amma ku yaran yanzu sai kwamfuta ta ja muku layi a ƙarƙashin kalma kafin ku farga.

Ajiye katin ka ji abin da are ta ci mini.

Wani mai makarantar kuɗi ya kawo mini aikin kalanda 2,000 mai launi huɗu. A samanta da manyan baƙaƙe ya rubuta "Each of our students are a star". Na ce Alhaji, is ce a nan, domin each ce mai jimlar, students rakiya kawai ta yo. Ido ne ke ganin jam'i dab da aikatau ya ruɗe. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce digirinsa biyu, ni kuwa tawada ce aikina. Na fitar da furuf, wato bugun gwaji, na zagaye wurin da jan biro, ya sa hannu a gabana. Kafin alƙalamin da ya bayar ko kuɗin takarda bai kai ba, sauran na karɓo bashi wajen dillali, don mutum ne mai babbar riga da carbi.

Ka san Kord, na'urar bugun nan tamu, launi ɗaya take bugawa. Farantin bugu huɗu, kowane launi da nasa, kowace takarda ta ratsa inji sau huɗu, ga wuta babu, janareto na shan dizal har asuba. Aiki ya fito tas, ko ɗigon tawada babu.

Ranar rabon kyaututtuka aka raba wa iyaye. Ashe cikinsu akwai malamar Turanci, ta ɗaga kalandar a bainar jama'a ta tambayi ko nan ne ake koya wa ɗanta nahawu. Washegari sai ga mota da kwalaye a ƙofar shagon nan. Wai na zubar masa da mutuncin makaranta, ni ne mai buga takardu, me ya hana ni gyarawa? Na shimfiɗa masa furuf. Ko kunya babu ya ce hannun akawunsa ne. Ya tafi wani shago aka sake buga masa da is ɗin da na faɗa, ya biya su lakadan, ni ko sisin cikona ban gani ba. Kalanda kuwa kamar tumatir take, Janairu na wucewa ta ruɓe, balle mai sunan makarantar wani. A kilo na sayar wa masu tsire, bashin dillali ya bi ni har bayan babbar salla. Allah ya isa, har gobe ba na bin layin makarantar.

Sauran kalmomin ba su da wuya. Both, few, many da several jam'i ne, are suke ɗauka. Some, all, most da any kuwa sai ka dubi abin da ya biyo bayan of: "Some of the ink is dry", amma "Some of the cards are torn". Kar ka tambaye ni dalili, ana ƙirga tawada ne?

Idan ka ga "Everyone has their card", kar rawar kai ta sa ka taɓa shi, daidai ne, has ɗin na nan a tilo. None ce Turawan kansu ke ja-in-ja a kanta, is da are duk suna shiga. In kwastoma ya kawo ta, bar masa yadda ya rubuta, ya sa hannu da kwanan wata, ya kuma biya kuɗin takarda da faranti cif kafin ka kunna mini inji.