Amsar wasiƙar Sani kan kushewun sarakunan Sin

Ɗana Sani, saƙonka ya iso. Da na karanta sai da na murmusa, daga baya kuma na yi jim. Wai abokan karatunka za su kai ka kushewun sarakunan daular Ming, an kuma ce maka in za ka fito sai ka ɗaga murya ka ce "na dawo", kana tambaya ko ka bi su ka faɗa.

Kafin maganar fitowa, san inda za ka shiga. Wurin yana gundumar Changping, kimanin kilomita 50 arewa da Beijing, a gindin dutsen Tianshou. Sarakuna 13 ke kwance a kwarin. Sarki Yongle ne ya fara gina nasa, Changling, a 1409. Sun zaɓi wurin ne saboda dutse na bayansa, ruwa na gabansa. Ka fara da doguwar hanyar shiga, inda aka jera mutum-mutumin dutse 36: dabbobi 24, ciki har da zaki da raƙumi da giwa da doki, sai fadawa da mayaƙa 12. Kafin ka kai ga mutum-mutumin akwai Babbar Jar Ƙofa, bakinta uku ne. Na tsakiya na gawar sarki ne, kuma a nan kowane hakimi ke sauka daga dokinsa ya taka da ƙafa. Kakanku yakan ce wanda ya iso ƙofar manya a kan sirdi bai san gidan da ya zo ba. Ku kuwa yanzu waya ce ke riga ku shiga ko'ina.

A Changling ka ɗaga kai ka dubi ginshiƙan zauren hadaya. Itacen nanmu ne, kowane ginshiƙi gungume ɗaya ba haɗi. Bayan zauren akwai hasumiya mai allon dutse da sunan sarki, sai tudun ƙasa kewayayye. Gawar tana can ƙarƙashinsa.

Dingling ne nake so ka daɗe a ciki, kushewar Sarki Wanli, wanda ya rasu a 1620. Ita kaɗai aka tona, tun daga 1956. Zurfinta mita 27, ɗakuna biyar na dutse, rufin baka ne ba azara ko ɗaya. Ƙofofin marmara kuwa an yi musu wata dabara: dogon dutse a jingine daga ciki, ana rufe ƙofa sai ya zame ya tokare ta. Sai da masu tonon suka zura ƙarfe ta tsagar ƙofar suka ture shi. Suka iske sarki da matansa biyu da kaya wajen 3,000. To amma ba su shirya wa iska ba. Alharinin da ya shekara fiye da 300 da kyansa, da iska ta taɓa shi sai ya dushe, ya yi tauri, ya rududduge. A 1966 kuma matasan juyin al'adu na zamanin shugaba Mao suka jawo ƙasusuwan waje suka cinna musu wuta. Tsofaffinmu sun ce sauri ya haifi nawa. Tun bayan tonon Dingling hukumar ƙasar ta daina yarda a buɗe kushewar sarki. Akwatunan gawa da za ka gani can ƙasa kuwa kwaikwayo ne. Ka riƙe rigar sanyi, ƙasan akwai ɗari ko da bazara.

Ƙofar da ake faɗin "na dawo" kuwa, su a wurinsu iyaka ce tsakanin matattu da masu rai. Namiji kan tsallaka da ƙafar hagu, mace da dama. Wannan imaninsu ne, kai ka san naka. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne dokin ƙofa: tsallaka shi ake yi, ba a takawa, kuma kada ka jingina da allon dutse kana washe haƙora don hoto. Sauran kuma sai ka zo hutu mu zauna da Malam.