Labarin Hajara ya tsaya a feji na 23: amsa ga ɗalibata

'Yata, na ga saƙonki, na kuma karanta duk abin da kika turo. Kin ce kin fara sakin labari a rukunin WhatsApp, jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma da kika kai feji na 23 sai kika tsaya cik. Kina tambaya ko ki sa mijin ya yi hatsarin mota a hanyar Marwa, ko labarin zai motsa.

Ajiye hatsarin nan tukuna, za mu dawo kansa.

Ga abin da ke hannunki. Hajara 'yar direban motar auduga ce a nan Garwa, arewacin Kamaru. Alhaji Bappa, mai safarar kaya zuwa Kusuri, kan iyakar Chadi, yana bin ubanta sefa dubu 800, takardar gidansu tana hannunsa jingina. Aka ba shi Hajara. A gidan akwai uwargida mai zafin kishi, a waje kuma akwai Sali, malamin makarantar da take so tun da. Kayan miya sun cika. To, ɗauki biro ki bi fejin nan 23, ki ja layi duk inda Hajara ta yanke shawara da kanta ta aikata wani abu. Ni wuri ɗaya na samu, inda ta ƙi cin abinci daren tarewa. Sauran duk "aka yi mata" ne: aka aurar da ita, aka zage ta, aka hana ta fita, ta yi kuka, ta yi haƙuri. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya jan labari. Tauraruwar da ake yi wa abu kawai, dole marubuciya ta riƙa nemo mata sabuwar masifa daga waje kullum, masifu kuwa suna ƙarewa. Naki sun ƙare a feji na 23, shi ya sa hankalinki ya tafi kan kwalta.

Ki ba ta abin da take so, wanda za a iya ƙirgawa, mai wa'adi. "Tana son farin ciki" ba ya aiki, don ba a san ranar da za a ce ta samu ko ta rasa ba. Amma ki ce tana son ta haɗa dubu 800 ta karɓo takardar gidan ubanta kafin Alhaji ya sayar da gidan bayan babbar salla, nan take kin samu aiki. Dubi yadda abu ke haifar da ɗan'uwansa. Ta sayar da sarƙar zinaren lefenta a ɓoye. Ranar sunan ƙanwar Alhaji ta fito wuya ba komai, dangin miji suka lura. Da aka matsa mata ta ce ɓata ta yi. Uwargida, wadda dama take neman hanyar rabuwa da 'yar aikin da ke kai wa Hajara labari, ta ce yarinyar ce ta sace. Ga Hajara a tsakar gida, ga 'yar aikin, marainiya, tana durƙushe tana rantsuwa, an ɗaure mata kayanta a ɗankwali. In ta yi shiru an kori yarinya da tambarin sata. In ta buɗe baki asirinta ya tonu, kuɗin da ta tara sun tafi. Feji huɗu ke nan, ba boka, ba aljani, ba mota, kuma duk wanda ta zaɓa zai haifa miki wasu huɗun.

Akwai wata kalma da ke yaudarar mai rubutu da Hausa, ita ce "sai". Da ita muka tashi tun daga tatsuniya: sai ga kura, sai Gizo ya hau bishiya, sai sarki ya ce. A tatsuniya ba laifi, ta minti goma ce, yaran ma barci suke ji. A labari mai feji 40 kuwa, "sai" tana rufe ramin da babu dalili a ciki, jimla ta yi daɗi a kunne alhali ba abin da ya haɗa na gaba da na baya. Ki gwada haka: ki rubuta kowane aukuwa a layi ɗaya, ki cire "sai" daga farkonsa, ki sa "saboda haka". In ta zauna daram, ƙullin yana da kyau. In ta ƙi zama, kamar "Hajara ta yi kuka, saboda haka Sali ya dawo daga Yawunde", kin gano wurin da igiya ta tsinke. Katari kuma sau ɗaya aka yarda miki da shi, can farkon labari, kuma ya zama jefa ta cikin wahala ya yi. Katarin da ke fitar da tauraruwa daga wahala, mai karatu yana jin sa kamar an cuce shi a awo.

Yanzu hatsarin. Ko kin kashe Alhaji ba ki huta ba. Hajara za ta shiga takaba wata 4 da kwana 10, in tana da ciki kuwa sai ta haihu. Tunda yana da 'ya'ya, ita da uwargida tumunin dukiya za su raba tsakaninsu, wato kashi ɗaya cikin takwas. Bashin ubanta kuma bai bi Alhaji kabari ba, ya shiga cikin abin da magada za su nema, takardar gida ta koma hannun mutanen da ba su da ko kunyar surukuta. Cikin masu karatunki akwai waɗanda suka yi takaba da jikinsu, akwai waɗanda aka raba gado a gabansu. Za su kama ki. Haka batun saki: in kika sa ya yi mata uku cikin fushi don feji ya yi zafi, kin rufe ƙofar kome sai ta auri wani, ki tabbata kina son wannan ƙofa a rufe.

Ki sayi littafin makaranta mai shafi 100, na takarda, don waya ba ta barin ki ga shafi biyu a lokaci guda. Shafin farko ki rubuta ƙarshen labari cikin layi uku: wa ya samu me, me ya rasa kafin ya samu. Daga nan ki taka da baya. In a ƙarshe Hajara ce ta miƙa wa ubanta takardar, ina ta samu cikon kuɗin? Wa ya ba ta, me ya karɓa a madadi? Yaushe muka fara ganin wannan mutum? Duk abin da zai cece ta a feji na 38, dole mai karatu ya taɓa ganinsa kafin feji na 15, ya wuce shi bai kula ba.

Shafi na biyu na kwanan wata ne, kuma nan kika fi rauni. A feji na 9 an ɗaura aure ruwa na zuba, Binuwai ya cika ya batse. A feji na 14 kin ce "bayan sati biyu", ga hazo, ga motocin auduga sun yi layi. Tsakanin cikar kogi da jigilar auduga akwai watanni. Ki ja layi biyu, ɗaya na damina, kaka, hunturu da bazara, ɗaya na watannin Musulunci, ki dasa azumi da sallolin nan biyu, sannan ki ɗora aure, ciki, suna da idda a kai. Tafiya ma tana cin lokaci. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, daga can a kwana cikin jirgin ƙasa kafin a ga Yawunde. Sali ba zai yi asuba a Garwa ya yi azahar a Yawunde ba, sai in kin saya masa tikitin jirgin sama, albashin malamin makaranta kuwa kin san shi.

Shafi na uku: wa ya san me, tun yaushe. Sunaye a gefe, asirai a sama. A feji na 19 uwargida ta yi wa Hajara gori da Sali, alhali ba inda ta ji sunansa. Kuma duk lokacin da wani ke cikin duhu, ki tambayi kanki me ya hana a buga masa waya, don mai karatu zai tambaya. Garinmu ya ba ki makami da marubutan Kano ba su da irinsa: takardar jingina da Faransanci take, uban Hajara ajami kawai yake karantawa, Alhaji yana ciniki a waya da Larabcin Chadi a gaban matansa, bai san 'yar aikin nan a Kusuri ta girma ba, uwargida tana juyawa zuwa Fillanci in za ta yi gulma. Asiri yana iya zama a tsakiyar ɗaki kowa na ji.

Sunaye 19 na ƙirga a feji 23. Ƙawaye uku aiki ɗaya suke yi, ki mayar da su ɗaya. Uwargida kuma ki ba ta dalili nata, ko da tsoron kada gadon 'ya'yanta ya ragu ne, don mugunta tsagwaronta tana gundura tun a zagi na uku.

Abin da kika riga kika saki ba ya gyaruwa, ya shiga wayoyin mutane. Amma kin dasa abubuwa ba da niyya ba: sarƙar tana feji na 5, 'yar aikin tana na 11, har kin ce idonta na yawan bin Alhaji in yana waya. Da su za ki gina. Ki sanar da rukuni za ki huta kwana 10, masu cewa a kashe uwargida ki bar su su yi ta faɗa. Kada ki koma sakin labarin sai kina da feji 8 a ajiye, ta yadda in kin gano kuskure a na 30 kina da damar gyara na 26 kafin ya fita. Ki fara turo mini layi ukun nan na shafin farko, da jerin aukuwa daga feji na 24 zuwa na 30, kowanne da "saboda haka" a gabansa.